Shekarar da Kwamfutocinmu Suka Rasa Ƙwaƙwalwa

Ranar Juma'ar da ta wuce ku uku kuka same ni a rumfata ta unguwar Hayyin Ashir a nan Alƙahira, kuka ce kun yanke shawarar buɗe shagon haɗa kwamfuta, ku riƙa sayar wa ɗalibai 'yan uwanku. Ɗayanku, mai tabarau ɗin nan ɗan Zariya, ya ce ya kalli yadda ake yi a wayarsa, ya ga abin bai wuce ɗaura sukurori da cusa wayoyi a ramukansu ba. Ban ba ku amsa a lokacin ba, saboda akwai mai jiran aikinsa tsaye a kaina. Ga amsar yanzu, ku yi haƙuri da tsawonta.

Sunana Idrisa, mutumin Damagaram. Karatun addini ne ya kawo ni Alƙahira kamar yadda ya kawo ku, sai dai nawa bai yi nisa ba. Tallafin da nake samu ya yanke, na shiga neman abin yi. Har yau Masarawa Shaikh Idris suke kirana, ko da yake rabona da aji ya haura shekara ashirin.

Wanda ya kai ni wurin aikin shi ne Usman, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, da muke haɗuwa a masallaci. Ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya Usman nake ce masa. Wurin kuwa ɗaki ne na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Abbasiya, irin wanda suke kira badarum, da dogon tebur guda a tsakiya da fitilun da ba a kashe su ko da rana. Mai wurin injiniya ne, Bashmuhandis Magdi, siririn mutum mai shan shayi babu sukari, wanda ya ajiye aikin gwamnati ya ce shi ma sai ya yi kwamfutar da za a ce ta Masar ce. A gaskiya ba ƙerawa muke yi ba, haɗawa muke yi, don kowane ɓangare daga waje yake zuwa. Amma in mun gama, sunanmu muke mannawa a goshin akwatin: Salma, sunan babbar 'yarsa. Akwai lokacin da in ka shiga kantin magani ko ofishin lauya tsakanin Abbasiya da Madinat Nasr, da wuya ka rasa ganin Salma ƙarƙashin tebur.

Na yi watanni ina shara, ina hure ƙura da injin iska, ina sauko da kwalaye daga bakin titi, kafin a bar ni in taɓa cikin kwamfuta. Ku fara sanin abu biyu, don labarin duka a kansu yake. Akwai borda, wato faffaɗan allon nan da ake dasa komai a kansa. Akwai kuma furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu da bai kai faɗin kwalin ashana ba. Borda tana da mazauni guda a tsakiyarta inda furosesa ke zama. In babu shi, duk sauran kayan ƙarfe ne da roba kawai.

Aikin farko da aka ba ni na miƙe allurai ne. Furosesan wancan zamani ƙarƙashinsa cike yake da allurai masu ruwan zinari, sirara kamar gashi, kowacce da raminta. Wani mai kantin magani ya ce shi ma zai iya, ya saka nasa a karkace, ya danna da ƙarfi, layi guda ya kwanta. Yaya Usman ya miƙo mini madubin ƙara girma da fensirin ƙarfe wanda aka zare bakin rubutunsa, ya nuna mini yadda ake zura allura cikin ramin fensirin a tashe ta a hankali.

"Ya zol," ya ce, yadda 'yan Sudan ke kiran mutum, "in ɗaya ta karye, duka sun karye. Ka ja numfashi kafin ka taɓa, ka sake shi bayan ka ɗaga hannu."

Na wuni a kai, wuyana ya sage, idona ya yi ta ruwa. Da Bashmuhandis ya saka shi kwamfutar ta tashi, sai washegari na tarar da kujera a gefen teburin.

Akwai abubuwan da ba a nuna muku a waya ba. A lokacin sanyi, rigar ulun da ke jikinka tana tara wata irin wuta da ba ka ji, ka taɓa furosesa ka yi masa lahani, amma ba zai mutu a hannunka ba, sai ya yi makonni a gidan mai shi, ranar da yake tsakiyar aiki. Akwai ma'ajun, man toka-tokan da ake shafawa tsakanin furosesa da fankarsa don zafi ya fita: in ya yi kaɗan kwamfuta ta ƙone, in ya yi yawa ya zubo kan borda. Akwai sukurun da ya fi ɗan'uwansa tsawo da ɗan kaɗan, ka ɗaura shi inda bai dace ba ya taɓa bayan allo. Kowace Salma sai mun bar ta a kunne wuni da kwana tana aiki mai nauyi kafin ta fita, kuma a watannin zafi badarum ɗin nan yakan koma kamar tanderun burodi. Sannan akwai masu saye. Wani zai dawo da kwamfuta ya rantse bai taɓa ta ba, ka buɗe ka tarar da busasshen shayi a ciki.

Amma duk wannan ana koyonsa, hannu yana sabawa. Ban taɓa ganin shagon da rashin iya ɗaura sukuru ya rufe ba. Abin da ke rufe shago yana can sama, inda ba mu da ko kujerar zama.

Gidajen da ke ƙera furosesan irin kwamfutocinmu biyu ne kacal a duniya. A badarum Babban Gida da Ƙaramin Gida muke ce musu. Ba sa ga maciji da juna, kuma kowanne ya yi wa furosesansa mazauni dabam, yadda na wannan ba ya shiga bordar wancan ko za ka sa guduma. Saboda haka ranar da ka sayi borda ka riga ka zaɓi gida. Mu kuma ba mu taɓa ganin ko mai gadin waɗannan gidaje ba. Tsakaninmu da su akwai wakilai, 'yan kasuwan da aka ba izinin shigo da kayan Masar su raba wa irinmu.

Wakilin da muke saye a hannunsa, na kayan Babban Gida, shi ne Ustaz Wa'il. Mutum ne mai fara'a da ƙamshin turare, ba ya zuwa hannu biyu. In sabon furosesa zai fito mu ne na farko da yake kawo wa na gwaji. Shi ya yi mana allon suna mai fitila a bakin titi, shi yake ba mu 'yan tambarin nan masu ƙyalli da ake mannawa a gaban akwati, waɗanda masu saye ke nema da ido tun kafin su tambayi farashi. In furosesa ya zo da matsala, yau ka kai gobe a musanya. Bai taɓa cewa kada mu sayi na wani ba. Ba a faɗar irin wannan magana da baki.

Mun koye ta ne daga maƙwabcinmu, Ustaz Girgis, mai shago irin namu a kwanar layin. Shi ya ce ba zai ɗaure kansa ba, ya jera kayan gida biyun a teburinsa, mai saye ya zaɓa. Ustaz Wa'il bai yi masa faɗa ba, har shayi yakan tsaya ya sha a wurinsa. Sai dai kayan Girgis suka fara makara. Sabon furosesa ya zo mana a farkon wata, shi nasa sai bayan kowa ya gama saye. In ya kai na musanya, a ce ana dubawa. Ƙaramin Gida kuwa a shekarun nan kayansa ba su da farin jini, mutane tambarin nan mai ƙyalli suke so. Kafin a jima Girgis ya koma sayar da rigunan waya da caja. Duk safiya ta gabansa muke wucewa.

Wata rana ina tsakiyar haɗa kwamfutar wani ofishin fassara, sai ga wata mata ta sauko matakala da ɗan kwali a hannu. Madam Narmin ke nan, wakiliyar kayan Ƙaramin Gida. Ta ce gidansu ya fito da sabon abu, ba irin na da ba, a gwada kawai. Bashmuhandis ya karɓe ta da mutunci, ya sa na kawo mata shayi. Bayan ta tafi shi da Yaya Usman suka rufe ƙofa suka gwada. Furosesan ya yi kyau, ya fi yadda muka zata, kuma ya fi sauƙi.

"Bashmuhandis," in ji Yaya Usman, "mu raba ƙafa mana. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ne mu yi da nata."

"Ka manta da Girgis?"

"Lokacin Girgis kayanta ba su da kyau. Yanzu suna da shi."

"In Wa'il ya fara makara mana da kaya, ita za ta iya cike gurbin? Ka ga ɗakin ajiyarta? Bai kai banɗakin Wa'il ba." Ya mayar da furosesan cikin kwalinsa. "Mutum tara ke cin abinci a teburin nan, ya Usman. Ba zan yi gwaji da su ba."

Ni aka aika na mayar mata. Ta karɓa, ta dubi kwalin ta ga an buɗe, ta ce, "Ya gwada ke nan. To ya gani?" Na ce ya gani. Ta ce, "Tamam, shi ke nan. Ka gaishe shi." Kada ku ce Bashmuhandis ya yi wauta. Duk wanda ke da hankali a ranar nan abin da zai yi ke nan, kuma mun ci shekaru masu kyau bayan haka.

A cikin shekarun nan masu kyau ne ma ƙasa ta fara zaizayewa a ƙarƙashinmu ba mu lura sosai ba. Manyan kamfanonin kwamfuta na duniya, masu sayen furosesa jirgi-jirgi, suka cika kasuwa da na hannu, waɗanda ake naɗewa a sa a jaka. Su suna zama da masu ƙera furosesa a tebur ɗaya, su yi ciniki, su yi barazanar komawa ɗaya gidan, a rage musu. Har ta kai suna sayar da kwamfuta sukutum a farashin da mu ko kayan cikinta ba za mu samu ba. Abin da ya rage mana shi ne makarantu da ofisoshin da ke son wanda za su kira ya zo da ƙafarsa in abu ya lalace.

Irin wannan aikin ne muka samu gab da shekarar annoba. Dakta Sa'id, shugaban wata cibiyar koyar da baƙi Larabci a Madinat Nasr, wadda wataƙila ku ma kun zauna a azuzuwan irinta, ya ce zai buɗe manyan ɗakuna biyu na koyo da kwamfuta, kuma kwamfutocin Salma yake so. Ba mu taɓa samun aiki mai girman wannan ba. Bashmuhandis ya kira Ustaz Wa'il, ya sa wayar a bayyane muna ji.

"Mabruk, barka, ya bashmuhandis! Borda suna nan a ƙasa, ka aiko a kwasa yau kafin su tashi. Furosesa suna kan ruwa, mako biyu sun iso."

Muka kwaso borda, muka cika badarum da akwatuna da fankoki da wayoyi har ba wurin shimfiɗa sallaya sai a kan matakala. Muka haɗa komai, muka jera kwamfutocin a bango kamar sahu, kowacce da murfinta a buɗe, mazaunin furosesa fayau. Aikin da ya rage a kan kowacce bai fi na shan kofin shayi ba.

Sai annobar ta zo, duniya ta rufe. Kowa ya koma gida yana neman kwamfutar da zai yi aiki ko karatu da ita, masana'antun can kuma suka kasa ƙera abin da zai isa. To in abu ya yi ƙaranci, wa ake fara ba? Wanda ke saye jirgi-jirgi. Abin da ya ragu shi ake watsa wa wakilan ƙasashe, su kuma su fara da manyan abokan cinikinsu. Mu muna can ƙarshen layi, mu da muka ɗauka 'yan gida ne.

Mako biyu suka zama wata, wata ya zama watanni. Ustaz Wa'il ya daina ɗaukar wayar Bashmuhandis. Sai aka mayar da ni ɗan zaman ofishinsa: in hau jirgin ƙasa na metro da safe da takunkumi a fuska, in zauna a bencin ƙofa tare da wasu irina, sakatariya ta ce yana taro. Wata rana na tare shi yana fitowa zai shiga mota. Ya rame, turaren ma babu.

"Ya Ustaz, Bashmuhandis yana gaisuwa. Ya ce ko rabi ne."

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Shaikh Idris. Bukra, gobe in sha Allah."

"Jiya na ga an loda kwalaye a motar wani kamfani a nan ƙofar."

Ya tsaya da hannu a kan murfin motar, ya dube ni. "Ka gani, ba ƙarya ba ne. Kana tsammanin ni nake ƙera su? Yadda kake zaune a bencina haka nake zaune a bencin wani a Dubai. Na nemi kaya cike da babbar mota guda, an ba ni abin da zai shiga but ɗin wannan motar. In ban ba wancan kamfanin ba, ya koma wurin Narmin, shekara mai zuwa a ƙwace wakilcin daga hannuna. In ban ba Magdi ba, ina zai je? Bordarsa tawa ce."

Bai faɗe ta da mugunta ba, kamar mai ba da labarin yanayi ya faɗe ta. Na koma na maimaita wa Bashmuhandis kalma da kalma. Ya saurara, ya ɗauki rigarsa ya ce, "Yalla, tashi ka raka ni."

Ofishin Madam Narmin ya canja, yanzu hawa guda ne na bene, da ma'aikata. Ta bar mu muka shiga ba jira. Bashmuhandis bai yi kwana-kwana ba, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Ni ma kaso ake ba ni," ta ce. "Akwai shaguna da suka karɓi kayana lokacin da kowa ke mayar mini da kwali. Su zan fara ba, kai ma da haka za ka yi. Amma a ce na ba ka yau, ya bashmuhandis, a ina za ka saka su?"

Furosesanta ba sa shiga bordarmu, kuma duk abin da Bashmuhandis ya mallaka yana jingine a bangon badarum. A hanyar dawowa cikin ƙaramar bas, da muka kusa sauka, ya ce, "Shayinta ya fi namu."

Dakta Sa'id ya yi haƙuri iya haƙuri, amma za a buɗe cibiya, ɗalibai sun fara dawowa. Sai muka shiga farautar furosesa ɗaya-ɗaya. Muka cire na kwamfutocin gwajinmu. Bashmuhandis ya cire na teburinsa, ya je gida ya ciro na kwamfutar da Salma ke karatun jami'a da ita. Ni da Yaya Usman muka bi shaguna da kasuwar 'yan gwanjo muna neman matattun kwamfutoci masu mazauni irin namu. A nan ne aka fara cusa mana na bogi: tsohon furosesa mai rauni, an goge bayansa an buga masa sabon rubutu. Da ido ba ka ganewa, sai ka saka ka kunna kwamfutar ta faɗi sunansa na gaskiya. Yaya Usman ya riƙa yawo da borda a jaka da ƙaramin allon kallo, duk wanda za mu saya sai an ba mu wuta mun gwada a gaban mai shi. An zage mu a kan haka ba sau ɗaya ba.

Duk wahalar nan abin da muka tara bai cika rabin ɗaki ɗaya ba. Bashmuhandis ya kai su da kansa, ya gaya wa Dakta Sa'id gaskiya cewa ƙwaƙwalensu ba sabbi ba ne.

"Na gode da ka faɗa," in ji Dakta. "Zan riƙe waɗannan. Sauran kuma, ya bashmuhandis, khalas, a bar maganarsu. Ba ni kaɗai ba ne, akwai majalisa a kaina. Wani babban kamfani ya ce zai kawo cikin kwana kaɗan."

Kuma ya kawo. Don ya rage mana zafi, Dakta ya ba mu aikin jera su da ja musu waya. Ni na je. Kwamfutoci ne baƙaƙe masu kyau, an haɗa su a wata ƙasa mai nisa. Da na kunna ta farko na duba abin da ke cikinta, sai ga shi: furosesan da muke jira ne, shi ɗin dai, lamba da lamba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ɗaki biyu cur, duka shi ne. Ashe ba ƙarewa ya yi a duniya ba, mu ne bai kai kanmu ba. Da na koma Bashmuhandis ya tambaye ni me suka saka a ciki, na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da goge tabaransa.

Ma'aikata suka fara tafiya da kansu, don ba aikin da za a ba su. Muka rage mu uku muna gyare-gyare. Muna cikin haka wata ranar Talata da hantsi wayar shago ta yi ƙara, na ɗauka, sai muryar Ustaz Wa'il, fara'ar ta dawo.

"Albishirinka, ya Shaikh Idris! Kaya sun iso. Ka ce wa bashmuhandis na ware masa nasa."

Na miƙa wayar. Na ga fuskar Bashmuhandis ta buɗe, sannan ta rufe. Furosesan da suka iso sabon zubi ne, Babban Gida ya canja mazauni. Ba sa shiga bordar da Wa'il ɗin ya sayar mana. Tsohon zubin kuwa an daina kawo shi. Amma kada mu damu, in ji shi, yana da sabbin borda da suka dace, zai yi mana ragi.

"Allah ya ƙara buɗi, ya Wa'il," in ji Bashmuhandis, ya ajiye wayar a hankali.

Mun sayar da akwatunan da fankokin da araha. Borda kuwa kaɗan suka fita, wurin masu gyara. Sauran muka mayar cikin kwalayensu muka tara a kusurwa, da fatan a hankali za su shige. Sai bututun ruwan benen ya fashe a lokacin hutun Idi, muka dawo muka tarar ruwa ya kai ƙauri. Kwalayen ƙasa sun narke, na sama sun sha danshi, ƙafafun ƙarfen sun yi kore.

Mai sayen tarkace ya zo da kekensa mai ƙafa uku da sikeli. Ya ce ba ya sayen kwali da allo a haɗe, kowanne da farashinsa, mu raba. Muka zauna mu uku a bakin matakala muna farke leda muna zaro borda sabbi, waɗanda wuta ba ta taɓa bi ta cikinsu ba, muna jefawa a buhu. Mutumin yana taka buhun da ƙafa don ya ƙara ɗauka, kana jin suna karyewa. Ustaz Girgis ya taso daga shagonsa, ya tsuguna ya taya mu.

Yaya Usman ya koma Sudan wurin 'ya'yansa. Tun da yaƙi ya tashi a can wayarsa ba ta shiga, kuma duk wanda na tambaya daga mutanensu bai san inda suka nufa ba. Ustaz Wa'il ma an karɓe wakilcin daga hannunsa daga baya, aka ba wani kamfani da ya fi shi girma, ban san me yake yi yanzu ba. Ni Bashmuhandis ya bar mini mitar gwajin wuta da sukundirebobi da madubin nan, da su na buɗe rumfar da kuka same ni. Yawancin abin da ake kawo mini yanzu na hannu ne, kuma furosesansu a like yake da borda tun daga masana'anta, ba a cirewa, ba a sakewa. In ya mutu, duka allon ya mutu. Ba su ma bar mana ramin da za mu jira a cika ba.

Bara wata ɗaliba 'yar Maraɗi ta kawo mini kwamfutarta ta hannu, sabuwa, tana mutuwa da kanta. Da na ga garantinta bai ƙare ba na ce ba zan buɗe ba, zan kai mata cibiyar gyaran kamfanin da ya yi ta. Wuri ne mai sanyi da kujeru a jere, ana ba ka lamba ka jira. Da lambata ta fito na je taga, sai ga Bashmuhandis Magdi a bayan gilashi, sanye da rigar kamfanin mai gajeren hannu, sunansa a ƙirji, Magdi kawai. Kansa ya yi fari fat.

"Shaikh Idris," ya ce. "Ya iyali?"

"Lafiya lau, Bashmuhandis. Ya Salma?"

"Ta yi aure. Kawo mu gani."

Na tura masa ta ƙarƙashin gilashin. Ya kunna, ya kara kunnensa a jikinta, ya shafa ƙasanta da tafin hannu. Ya sassauta murya.

"Ba su shafa ma'ajun da kyau ba, zafi ne ke kashe ta. Aikin minti kaɗan ne." Ya juya ta, ya dubi sukurorin bayanta, babban yatsansa a kan ɗaya. Sannan ya janye hannun. "Mu nan ba a yarda mu buɗe ba. Karɓa muke yi mu tura. Za su canja allon duka, in akwai shi a ƙasa. In babu, sai an jira."

"Har yaushe?"

"Mako biyu aka ce mu riƙa faɗa."

Ya manna mata lamba, ya ɗora ta a kan tarin da ke bayansa, ya miƙo mini rasit. Wani saurayi mai irin rigarsa, wanda bai kai sa'an Salma ba, ya leƙo ya ce masa layi ya yi tsawo. Bashmuhandis ya ce, "Hadir," wato angama, ya danna maɓalli, lambar wani ta fito a bango. Na matsa gefe na ba mutumin wuri.